Tambaya da Amsa: Yarona na susar dubura da dare

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 5 ba ya samun barci saboda ƙaiƙayin dubura. An ce basir ne, mun ba shi jiƙo, shiru. Jiya da dare na ga wani abu fari kamar zare yana motsi a wurin. Mene ne wannan? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika gani ƙaramar tsutsar ciki ce, ba basir ba, kuma ba shan zaƙi ke kawo ta ba. Tsawon ta macen bai wuce milimita 8 zuwa 13 ba. A babban hanji take zama, sai yaro ya yi barci ta fito bakin dubura ta zuba dubban ƙwayaye. Nan ƙaiƙayin yake farowa.

Cikin awa 4 zuwa 6 ƙwan ya isa kama mutum. Yaro ya sosa, ƙwan ya maƙale a farce, daga nan sai baki, ko kwanon da suke ci tare da ƙannensa. Ido ba ya ganinsa, kuma yakan yi mako 2 zuwa 3 da rai a zanin gado, tabarma da wando. In an haɗiye shi, bayan wata ɗaya zuwa biyu sabuwar tsutsa ta fara nata ƙwan. Akuya da kyanwa ba ruwansu, daga mutum take zuwa mutum.

Gwajin bahaya sau da yawa ba ya nuna ta. Gara ki haska wurin da tocila awa 2 zuwa 3 bayan ya yi barci. Ko kuma da asuba, kafin wanka ko tsarki, ki manna farin salatif a bakin duburar, ki ɗaye, ki kai asibiti a duba da madubin likita. Safiya uku a jere ya fi.

Magani kuwa mebendazole ne miligiram 100, ko albendazole miligiram 400, sha ɗaya, a maimaita bayan mako 2. Nan aka fi yin sakaci. Tsutsar kawai maganin yake kashewa, ba ya taɓa ƙwan, don haka in an bar sha na biyu sai abin ya dawo, a ce wai maganin jabu ne. Duk gidan za a sha rana guda, har wanda ba ya susa. Mai ciki da ɗan ƙasa da shekara 2 kam, sai likita ya gan su tukuna.

A yanke masa farce, ya riƙa wanke hannu da sabulu bayan tsarki da kafin cin abinci, ruwan buta kaɗai bai wadatar ba. A yi masa wanka da safe, a canja wando kullum. Zanin gado kada a kakkaɓe shi a ɗaki, ƙwan tashi yake kamar ƙura. A naɗe shi, a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana. Yarinya kuma tsutsar kan shiga gabanta ta sa ƙaiƙayi, in kin ga haka ki kai ta asibiti.