Tambayoyinku: hoton taurari da madubin hangen nesa

Tambaya: Malam, duk hoton taurarin da na ɗauka da wayata baƙi ƙirin yake fitowa. Wayar ce ba ta da kyau? (Daga Maraɗi)

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau, kai ne ka ɗora mata laifi. Shiga sashen Pro a kyamara, inda kake saita ta da kanka, sa ISO (ma'aunin ƙarfin kama haske) a 1600, ba ta daƙiƙa 15 tana shan haske, ka kai fokas wajen alamar ∞. Jingina ta da bulo ka sa taima, kada ka riƙe a hannu. In ka wuce daƙiƙa 20 taurarin za su fara jan wutsiya, domin duniya na juyawa. Kuma fita bayan gari, nesa da fitilun sola.

Tambaya: Na sayi madubin hangen nesa mai ido biyu don duban jinjirin watan azumi. Abokina ya ce mu fara lalube tun kafin rana ta faɗi, in haske ya dame ni in sa baƙin tabarau. (Daga Gusau)

Amsa: Don Allah ɗan'uwa, kada ka kuskura! Wannan magana tana tayar mini da hankali duk shekara. Gilashin gaban madubi mai faɗin milimita 50 yana tattara hasken da ya ninka wanda ƙwayar idonka ke karɓa da rana fiye da sau ɗari, ya zuba shi wuri guda. Ka taɓa ganin yara na ƙona takarda da gilashi a tsakar rana? Abin da zai sami bayan idonka ke nan. Mugun abin shi ne wurin ba ya jin zafi. Za ka koma gida ka ci tuwo lafiya lau, sai bayan sa'o'i ka ga baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ka kalla, kuma sau da yawa ba ya warkewa.

Jinjirin wata kuwa kusa da rana yake, hannu na gocewa kaɗan ka faɗa cikinta. Baƙin tabarau ba ya kare komai. Haka tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti, haka gilashin da aka turara da hayaƙi. Hazo ma yaudara ne, rana ta yi ja-ja-ja kamar ba ta cizo, alhali tana nan da ƙarfinta.

Ku da kusufin 29 ga Maris 2006 ya mayar wa rana dare, ku kuka fi kowa sanin yadda ido ke kwaɗayin kallon sama. Wani na tafe 2 ga Agusta 2027, cikakke a Masar da Makka, mu nan ɓangare za mu gani. Nemi tabarau na kallon kusufi mai lambar inganci ISO 12312-2 tun yanzu, amma kada ka leƙa madubi da shi, matatar hasken rana ta madubi daban take kuma a gaba ake ɗaura ta.

Batun wata, sauke manhajar Stellarium, kullum ita nake cusa wa mutane. Ta nuna maka inda zai tsaya, ka jira rana ta faɗi gaba ɗaya, sannan ka ɗaga madubi.

Tambaya: Na ga na'urar hangen taurari an rubuta 675x a kwali. In saya? (Daga Zariya)

Amsa: Riƙe kuɗinki, Hajiya, wannan 675x, wato wai tana ƙara girman abu sau 675, talla ce kawai. Faɗin gilashi ake dubawa, a ninka shi biyu: mai milimita 60 ba ya wuce 120x, sauran duk dishi-dishi ne. Masanin taurari Galileo ya ga watannin duniyar Jupita huɗu a 1610 da ƙaramin madubi mai kusan 20x. Fara da mai ido biyu 10x50 (mai ƙara girma sau 10, faɗin gilashi milimita 50), ki duba ramukan wata da Kaza da 'ya'yanta. In ƙura ta hau gilashin, ki fara hure ta da ɗan famfon roba, kada ki goge da bakin gyale.