Tsere Uku a Titi Ɗaya: Me Ya Sa Motocin Le Mans Ba Sa'o'in Juna Ba Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina kallon Formula 1, amma da na ci karo da tseren awa 24 na Le Mans sai kaina ya ɗaure. Wasu motocin irin waɗanda attajirai ke hawa ne, wasu kuma a kwance suke da ƙasa, suna wuce na farkon kamar a tsaye suke. Da aka tashi kuma na ga an ba direbobin da motarsu ta zo can baya kofi. Wace irin gasa ce wannan, yaushe aka fara ta, kuma me ya sa ake gwama motocin haka? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka kalla tsere uku ne ake yi lokaci guda. Kowace mota da ajinta, kowane aji da nasa gwani da nasa kofi. Waɗanda ka ga an karrama alhali sun zo can baya, su ne na ɗaya a ajinsu, ba ruwansu da motocin da ke fyallawa ta gefensu.

Le Mans, wanda ake yi a Faransa, zango ɗaya ne daga cikin zangunan gasar duniya ta tseren juriya, wadda ake kira WEC. Hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, da ƙungiyar ACO ta Faransa ne ke gudanar da ita. A kakar 2025 zango takwas aka yi: Katar, Imola a Italiya, Spa a Beljiyam, Le Mans, Sao Paulo a Burazil, Austin a Amurka, Fuji a Japan, sai Bahrain. Yawancinsu tseren awa shida ne. Ba a tambayar wa ya riga isa, ana tambayar wa ya fi cin zango kafin lokaci ya cika, kuma direbobi biyu ko uku ne ke karɓa-karɓar mota ɗaya.

Le Mans ya girmi gasar nesa ba kusa ba. ACO ta fara shi a 1923 da mota 33, kuma manufar ita ce a gwada ƙarkon motocin da ake sayar wa jama'a: inji, burki, fitilu cikin dare. Motar Chenard & Walcker da ta ci ta yi kilomita 2,209. Tun ran gini tun ran zane, manya da ƙananan injuna tare aka sake su.

A 1953 aka haɗa irin waɗannan tseren aka yi gasar duniya ta farko. A cikinta aka yi mummunan haɗarin 1955, lokacin da Mercedes ɗin Pierre Levegh ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum sama da 80 suka mutu. A cikinta kuma Ford ta karya lagon Ferrari, ta ci Le Mans sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969.

Zamanin da ya fi dacewa da tambayarka shi ne na Rukunin C, wanda aka buɗe a 1982. Dokarsa mai sauƙi ce: sa injin da ka ga dama, amma ga iya man da za ka sha, lita 600 a tseren kilomita 1,000. Kamfanoni suka yi ta tururuwa. Porsche ta ƙera 956 da 962 ta riƙa sayar wa ƙungiyoyi masu zaman kansu, har ɗaya daga cikinsu, Joest, ta ci Le Mans a 1984 da 1985. Jaguar ta ci a 1988, Mercedes da Sauber a 1989, Mazda a 1991. Gudu ya kai inda a 1988 wata mota mai injin Peugeot ta taka kilomita 405 a awa a miƙaƙƙen titin Mulsanne na Le Mans, abin da ya sa aka karya titin da kwanoni a wuri biyu daga 1990. Sai FIA ta kawo dokar injin lita 3.5 irin na Formula 1. Tsada ta kori ƙananan ƙungiyoyi, manyan suka bi bayansu, a Le Mans na 1992 ko mota 30 ba a samu ba, gasar ta mutu a ƙarshen shekarar. Shekara ashirin aka yi babu gasar duniya, Le Mans kaɗai ya ci gaba da numfashi, da taimakon gasannin da aka kafa bisa dokokinsa a Amurka da Turai.

WEC ta yanzu ta fara a watan Maris na 2012 a Sebring, Amurka, da aji huɗu: LMP1, LMP2, GTE Pro da GTE Am. LMP1 shi ne ajin manya, kuma ban taɓa ganin motocin tsere masu fasaharsu ba. Audi da dizal da lantarki, Toyota da Porsche da fetur da lantarki, kowa da hanyarsa ta tara ƙarfin da burki ke zubarwa ya mayar da shi taya, har ƙarfin ya doshi doki 1,000. A 2017 Kamui Kobayashi ya zagaye kilomita 13.6 na Le Mans cikin minti 3 da daƙiƙa 14.791 da Toyota, kuma motocin Hypercar, ajin manya na yau, ba su kai nan ba. Amma cutar 1992 ce ta dawo. Kuɗi suka yi yawa, Audi ta fice a ƙarshen 2016, Porsche a ƙarshen 2017, aka bar Toyota ita kaɗai tana cin karenta babu babbaka daga 2018. Abin da ya riƙe gasar a shekarun nan ƙananan azuzuwan ne. A Le Mans na 2017 ma manyan motocin sun yi ta lalacewa har wata motar LMP2 ta ja gaba na tsawon awanni, daga ƙarshe ta zo ta biyu a kan kowa.

To ka ga dalilin gwamin. Kamfani yana shigowa idan kasuwa ta yi daɗi, ya fice idan shugabanninsa suka canja shawara. Ƙungiyoyi masu zaman kansu da attajiran da ke biyan kuɗi su tuƙa, su ne ba sa tafiya.

A 2021 aka maye gurbin LMP1 da ajin Hypercar, waɗannan masu kwanciya da ƙasa da ka gani. An rage musu gudu da gangan don a rage tsada: ƙarfi wajen doki 670, nauyi kada ya gaza kilo 1,030. Hanya biyu ce ta shiga ajin. Ta farko LMH, inda kamfani ke ƙera motarsa tun daga tushe, ya zaɓi injinsa, in ya so ya sa wa tayoyin gaba injin lantarki mai ƙarfin doki kusan 270, wanda ba a yarda ya kama ba sai mota ta kai wani gudu da aka ƙayyade. Toyota da Ferrari da Peugeot nan suka bi. Aston Martin ma nan ta bi da Valkyrie, sai dai ita ba lantarki ko kaɗan, injin silinda 12 ne zalla, kuma da kunne za ka gane ta kafin ka gan ta. Ta biyu LMDh, wadda ACO ta tsara tare da hukumar IMSA ta Amurka, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Kamfani zai sayi shasi daga ɗaya cikin maƙera huɗu, Dallara, Oreca, Ligier ko Multimatic, ya karɓi giyabos da batir da ƙaramin injin lantarki iri ɗaya da na kowa, ya ɗora nasa injin da tasa fuskar. Cadillac da BMW da Alpine da Porsche wannan suka ɗauka. Mota ɗaya kuma tana iya tsere a Le Mans da Daytona ta Amurka.

Dabarar ta ci. A 2021 Hypercar biyar ne kacal a Le Mans, a 2025 sun kai 21. Ferrari ta dawo ajin manya a 2023 bayan shekara 50, ta ci Le Mans a shekarar, wanda rabonta da shi tun 1965, ta kuma maimaita a 2024 da 2025.

Akwai farashin da aka biya, sunansa BoP, wato daidaita ƙarfi. Tunda motocin ba gini ɗaya ba ne, hukuma ce ke yanke wa kowace nauyinta, da ƙarfinta, da yawan makamashin da za ta ƙona kafin ta shiga shan mai. Wadda ta yi fice a ƙara mata nauyi, wadda ke jan ƙafa a sassauta mata. Ni dai abin bai kwanta mini ba, don injiniyan da ya fi kowa aiki ana iya cinye masa wahalarsa da takarda ɗaya, kuma duk wanda ya sha kaye yana da abin fakewa. Amma in aka ce in zaɓa tsakanin wannan da Toyota biyu suna tsere da junansu, ba sai na yi dogon tunani ba. Abin da ya rage wa ƙungiya ta nuna bajinta a kai shi ne lallaɓa taya, saurin makanikai, karanta ruwan sama, da direban da ba ya kuskure da ƙarfe uku na dare.

Aji na tsakiya shi ne LMP2. Su ma don tsere kaɗai aka ƙera su, amma na ƙungiyoyi masu zaman kansu ne. Inji ɗaya kowa ke amfani da shi, Gibson mai lita 4.2, kuma kusan kowa Oreca 07 yake saya. An cire ajin daga WEC tun 2024 saboda Hypercar sun cika fili, a Le Mans kaɗai ake gayyatarsu, shi ya sa a can aji uku ne, a sauran zangunan biyu.

Sai waɗanda ka ce irin na attajirai ne, LMGT3, da suka gaji GTE a 2024. Gaskiyarka, daga motocin kasuwa aka samo su: Porsche 911, Ferrari 296, BMW M4, Corvette, Ford Mustang, Lexus, McLaren, Aston Martin, Mercedes. An kwashe kayan alatu, an ƙarfafa ciki da bututun ƙarfe, an sa fiffike a baya. A nan ba mota kaɗai ake rabawa aji ba, har direbobi. FIA tana da daraja huɗu: Filatinam, Zinare, Azurfa da Tagulla. Ɗan Tagulla galibi ɗan kasuwa ne ko mai wata sana'a da ya shigo tsere da girmansa, kuma sau da yawa aljihunsa ne ke ɗauke da motar. Dole kowace mota ta sa ɗan Tagulla ɗaya, da wani ɗan Tagulla ko Azurfa, sannan ƙwararre, kuma akwai mafi ƙarancin lokacin da aka wajabta wa ɗan Tagullan ya tuƙa. Ƙwararrun kusan gudunsu ɗaya, saboda haka a hannun wannan ɗan kasuwar ake cin tseren ko a zubar da shi. Manyan sunaye ma kan faɗo nan, kamar Valentino Rossi, gwanin tseren babur na duniya, wanda ya tuƙa BMW a 2024.

Ga lissafin da zai sa ka ji daɗin kallon. A Le Mans Hypercar na zagaye cikin kusan minti uku da rabi, LMGT3 kuma kusan minti huɗu. Ke nan duk rabin awa mai Hypercar zai sake cim ma kowace motar GT, wato ta ajin LMGT3. A 2025 guda 24 ne, kuma motar da ta ci ta ba gwanin ajinsu ratar zagaye sama da 40, wato wucewa fiye da dubu ke nan, ban da na LMP2. Kamar mai ƙaramar mota ne da ke ratsa tireloli a hanyar Kaduna zuwa Kano, sai dai nan cikin dare da ruwan sama da gudun kilomita 300. Ƙa'idar ita ce mai gudu shi ke da alhakin wucewa lafiya, na gaban kuma ya tsaya a layinsa kada ya yi wani motsin ba-zata. In ka tarar da GT a bakin kwana ka jira, ka yi asarar daƙiƙa biyu, abokin hamayya ya matso. In ka kutsa, kana iya ƙarewa a jikin shinge. A 2011 Audi biyu, ta Allan McNish da ta Mike Rockenfeller, sun yi kaca-kaca wajen wuce motocin Ferrari na GT, a 2012 kuma Anthony Davidson na Toyota ya samu karaya a ƙashin baya ta wannan hanya.

Idan za ka sake kallo, ka daina bin jerin gaba ɗaya, ka bi matsayin mota a cikin ajinta. Allon talabijin yana ba kowane aji launinsa, ja na Hypercar, shuɗi na LMP2. Ka zaɓi mota ɗaya a kowane aji ka riƙa duba ratarta da wadda ke bin ta, musamman bayan an shiga shan mai da canjin direba. A watan Yuni ake yi, kuma a 2024 da 2025 ƙarfe huɗu na yamma agogon Faransa aka tashi, wato ƙarfe uku agogon Najeriya da Nijar. Jerin kamfanonin kuwa kada ka haddace shi, don ba ya zama: Porsche ta sanar da janye motocinta daga Hypercar na WEC a ƙarshen 2025, Genesis ta Koriya ta Kudu ta ɗauki 2026, Ford da McLaren kuma sun ce a saurare su a 2027.