Rai, Ruhi da Kurwa: Shin Abu Ɗaya Ne?

Wani ɗalibi ya rubuto daga Zariya yana cewa: “Malam, a wajen tafsiri na ji an fassara nafs da rai, can gaba kuma aka fassara ruh da rai. Shin rai da ruhi abu ɗaya ne, ko masu fassara ne suka gaza?”

Ɗana, masu fassara ba su gaza ba. Rai kalma ce mai faɗin ciki, tana ɗaukar kayan da Larabci ya raba wa kalmomi biyu. Amma kafin mu shiga zauren malamai, yi wani ɗan gwaji da bakinka. Je gaban hakimi ka faɗi, ka ce “ruhinka ya daɗe.” Ko ka ce wa mahaifiyarka “ruhina ya ɓaci.” Za su dube ka kallon wanda ya sha wani abu. Ranka ya daɗe ake cewa, raina ya ɓaci ake cewa. Wurin da kalma ta ƙi zama shi ke tona asirinta.

Rai tamu ce ta gado, tun kafin zuwan Musulunci. Namiji ce a nahawu, jam'inta rayuka, kuma idan ta haɗu da mallaka sai wasalin ya gajarce: ranka, ransa, ranmu. Dubi irin aikin da muke sa ta. Rai yana so, yana ƙi, yana ɓaci, yana kwaɗayi, yana biyawa. Akuya na da shi, bishiya ma muna cewa tana da rai. Da shi muke ƙirga mutane idan an yi asarar rayuka. In mutum ya cika mu ce rai ya yi halinsa. Ruhi kuwa baƙo ne da ya zo cikin gafakar malamai, har yau bai saki jiki a kasuwa ba. Wasu su ce ruhi, wasu ruhu, duk daidai ne. Ba ya jin yunwa, ba ya fushi, ba a ƙirga mutane da shi.

A Alƙur'ani ma kalmomin biyu ba su tafiya hanya ɗaya. Nafs ita ce mai ɗanɗanar mutuwa a Ali Imrana aya ta 185, ita ce Allah ke karɓa lokacin mutuwa da lokacin barci a Zumar aya ta 42. Ita aka siffanta da yawan umarni da mugun aiki a suratu Yusuf aya ta 53, da yawan zargin kanta a Ƙiyama aya ta 2, da natsuwa a Fajri aya ta 27. Wato abu ce mai hali, tana hawa tana sauka, ana yi mata hisabi. Ruh kuwa shi aka busa wa Annabi Adamu, kamar yadda ya zo a Hijri aya ta 29, kuma Mala'ika Jibrilu ake kira Ruhul Amin. Da aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da shi, amsar da ta sauka a Isra'i aya ta 85 gajera ce: ruhi daga al'amarin Ubangiji yake, kuma ba a ba ku ilimi ba sai kaɗan.

Duk da haka mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa abu ɗaya ne mai sunaye biyu. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi littafi sukutum a kan ruhi, kuma nan ya karkata: idan an dubi asalinsa da inda ya fito sai a ce ruhi, idan an dube shi cikin jiki yana fama da sha'awa sai a ce nafs. Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya ɗauki kalmomi huɗu a cikin littafinsa Ihya, wato ƙalb (zuciya) da ruh da nafs da aƙl (hankali), ya nuna kowace tana da ma'ana ta fili, amma a can ciki duk suna nuni ga abu guda mai taushi wanda shi ne haƙiƙanin mutum. Sufaye ne suka fi ja layi tsakani, suna ganin nafs dokin da ake horarwa ne, ruhi kuma hasken da ake son ya rinjaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Bahaushe ya yi da nafs. Bai aro ta sosai ba, in ban da a bakin almajirai. Sai ya raba ta gida uku. Inda Balarabe ke cewa nafsi yana nufin shi da kansa, mu kai muke cewa: na yi da kaina, ya cuci kansa. Inda yake nufin mai kwaɗayi, zuciya muke kamawa, shi ya sa aka ce son zuciya ɓacin zuciya. Inda yake nufin abin da mutuwa ke ɗauka, sai mu ce rai. Sannan rai ya miƙa hannu ya karɓi rabin aikin ruh. Hadisin Ibn Mas'ud, na huɗu a Arba'una, ya ce bayan kwana 120 ake aiko mala'ika ya busa ruh ga ɗan tayi, amma kowace ungozoma “an busa masa rai” za ta ce maka. Saboda haka mai tafsirin da ka ji bai yi kuskure ba, Hausa ya yi.

’Yan'uwanmu Kirista masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, sun fi buƙatar raba kalmomin, domin 1 Tasalonikawa 5:23 ta jera ruhu da rai da jiki a jimla ɗaya, Ibraniyawa 4:12 kuma ta yi maganar raba rai da ruhu. Malamansu sun kasu: wasu na cewa mutum kashi uku ne, wasu na cewa biyu. A falsafa kuwa, Aristotal ya ga rai hawa uku ne, na tsiro da na dabba da na mai hankali, Ibn Sina da ya rasu a 1037 ya bi wannan rabon ya ƙara da cewa na mai hankalin ba ya rushewa da rushewar jiki.

Wani abu a gefe. A Larabci ruh ɗan'uwan rih ne, wato iska, nafs kuma ’yar'uwar nafas ce, numfashi. Haka yake a Ibrananci, inda ruwah ke nufin iska da ruhu duka. To mu me muke kiran mutanen ɓoye na bori? Iskoki. Kakanninmu ba su karanta Ibrananci ba, amma da suka nemi sunan abin da ake jin aikinsa ba a ganinsa, iska suka kama.

Wata malamar makaranta daga Damagaram ta ce: “Kakata kan ce kurwata kur idan ta ga wanda take zargi. Ita kurwa rai ce ko ruhi?”

Malama, ba ko ɗaya. Kurwa daga tsohon tunanin Bahaushe ta fito, kuma a wannan tunanin tana iya barin mutum alhali yana numfashi. Ita ake cewa maye yana kamawa, mai ita ya kwanta yana ramewa, har sai an sa wanda ake zargi ya tsallake shi ya saki. Da rai ce, da ta fita an yi jana'iza. Cikon maganar kakarki shi ne “kurwata kur, ka ci kanka ka sha baƙin ruwa,” kuma wanda ake ganin ya fi ƙarfin mayu akan ce kurwarsa da ɗaci. A matsayin kalma tana da daraja, kada mu bari ta ɓata. Amma zargin maita ya raba zumunci ya jawo wa tsofaffi marasa gata duka da kora, alhali sau da yawa zazzaɓi ne ko tarin fuka ke cin marar lafiyar. Kuskuren da nake gani a rubuce-rubucen matasa shi ne sa kurwa a madadin ruhi, har a rubuta “Allah ya ji ƙan kurwarsa.” Wannan ba Hausa ba ce. Allah ya ji ƙansa, ko ya ji ƙan rai, shi ke nan.

Tambaya ta ƙarshe daga wani tela a Kumasi: “Me ake nufi da rai dangin goro ne?”

Malam tela, kai da ke zaune a ƙasar goro ai ka fi ni ganin amsar. Cikonta “ruwa ake ba shi.” Fataken da suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano, tafiyar watanni a kan jakuna, sun san cewa in an bar shi ya bushe ya tashi daga kuɗi. Sai a lulluɓe shi da ganye cikin huhu, a riƙa buɗewa ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa. Karin maganar na cewa rai ma haka yake, yana son hutu da ɗan jin daɗi da lallashi. Ka lura ba a ce ruhi dangin goro ba. Wanda ke gajiya, yake yaushi, yake son shayi bayan la'asar, rai ne. Shi ya sa ake faɗa wa irinku masu kwana a kan keke daren sallah.