Tambaya da Amsa: Binciken ƙuda zai iya mayar da AS ya koma AA?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ɗaliba ce ni a fannin nazarin halittu a Gombe. Ni da wanda zan aura duk AS ne. Wani mai magani a Facebook ya ce binciken ƙudan 'ya'yan itace ya tabbatar tantanin jiki yana riƙe tarihinsa, kuma maganinsa na goge wannan tarihin har AS ya koma AA. An kusa sa rana, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Riƙe tarihin gaskiya ne. A ƙudan Drosophila, cikin sa'o'in farko na ɗan tayi wasu furotin na wucin gadi ne ke tsara ƙwayar gadon Hox (masu fayyace kamannin sassan jiki) da za ta yi aiki a kowane sashen jiki, sai su ɓace. Daga nan rukunin furotin na Polycomb ya riƙe ƙwayoyin gadon da ke kashe a kashe, rukunin Trithorax ya riƙe na kunne a kunne, komai yawan rabuwar tantani. PRC2, wani ɓangare na rukunin Polycomb, ke liƙa alamar sinadari mai suna metil a gurbi na 27 na histon H3, furotin da DNA ke naɗe a jikinsa, sai ɗan'uwansa PRC1 ya gane ta ya danne wurin. Tun 1978 Edward Lewis ya nuna idan babu Polycomb, sassan gaban tsutsar sukan ɗauki kamannin na bayanta.

To, ina haruffan DNA suka canza a nan? Ko ɗaya. Alama ce a bangon littafi, rubutun ciki na nan yadda yake. Sikila kuwa a rubutun take: harafi guda ya sauya a ƙwayar gadon HBB mai haɗa wani sashe na hemogulobin (furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini), sai tubalin furotin mai suna balin ya maye gurbin gulutamik asid a gurbi na 6. Babu jiƙo, babu garin magani, babu kafso da zai taɓa wannan harafin. Ko hydroxyurea da likitoci ke ba masu SS, hemogulobin na jarirai kawai take ƙarawa don rage tashin ciwon, mai shan ta SS ne har gobe.

Abin da ke ci min rai shi ne kullum sai na gamu da wannan magana. Mutum ya tsinci kalmomin kimiyya biyu a intanet, ya jingina su da kwalbarsa, ya tura ma'aurata wani ɗakin gwaji na bayan layi a rubuto musu AA. Bayan shekara biyu uwa ce ke kwana a asibiti da yaro ana neman jini, shi kuwa ya canza lambar waya. Masu wannan sana'a su ji tsoron Allah.

AS da AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Ku maimaita gwajin a asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, ku zauna da likitan jini tare da iyayenku kafin a tsayar da ranar.