Ku Tambayi Makanikai: Hannun ƙofar motata na ciki ya ƙuje

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƴar Kwatano. Hannun da nake ja in buɗe ƙofa daga ciki, na gefen direba, ya ƙuje, launin azurfarsa ya goge har baƙi ya fito. Mariƙin da ake jawo ƙofa a rufe shi ma ya yi fari-fari da kwarzane. Wani yaro a wurin wankin mota ya shafa musu man birki, suka yi ƙyalli kwana biyu, suka koma fiye da da. Akwai gyara, ko sai canji?
Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai gyara, amma don Allah a daina man birkin nan. Yana cin fenti, kuma maiƙon da ya bari shi ne zai hana sabon fenti kamawa. Fetur da tina da sinadarin goge jan farce su ma a nesanta su, don suna narkar da fuskar robar ko su sa ta tsattsage.

Abubuwan nan biyu da ka ambata ba roba ɗaya ba ce, saboda haka ba magani ɗaya ba ne. Idan aka kwance su aka juya bayansu, galibi za a ga haruffa a jiki masu nuna irin robar. Hannun buɗewa yawanci ABS ne ko PC+ABS da aka yi wa fenti. Mariƙin rufewa kuwa sau da yawa PP ne, wanda launinsa a cikin robar yake, ba fenti ba.

Mu fara da hannun buɗewar. Tunda a hankali ya goge har baƙi ya bayyana, fenti ne, kuma zoben azurfa da makulli da ƙurar da ke manne a yatsu su ne suka cinye shi. Turare mai alkol da ake fesawa a hannu ma yana tausasa fentin. A kwance hannun, kada a fesa masa fenti yana jikin ƙofa. A yawancin Toyota akwai ɗan marfi a bayan hannun da ke ɓoye sukuru, akwai wani sukurun a cikin ramin mariƙi. Sauran bangon ƙofar maɓallan roba ne suka riƙe shi. A naɗe bakin sukundireba da tsumma, a ɓamɓaro daga ƙasa a hankali, domin robar da ta sha ranar Damagaram tsintsinkewa take yi kamar busasshen kara. A baya za a tarar da wayoyin ƙarfe biyu, ɗaya ta buɗewa, ɗaya ta kullewa. A ɗauki hotonsu da waya kafin a zare, don idan aka musanya su ƙofa ba za ta buɗu daga ciki ba.

A wanke hannun da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, sau biyu ko uku saboda man birkin, sannan a goge da alkol na kantin magani. Alamar maiƙon ya fita tas ita ce ruwa ya kwanta a jikinsa shimfiɗe, ba ya dunƙulewa ɗigo-ɗigo. Sai samfefa ta ruwa: lamba 400 don a baje bakin wurin da fenti ya tashi, har farce ya wuce bai ji tudu ba, sannan lamba 600 ko 800 a bi hannun gaba ɗaya har ƙyallinsa ya mutu. Nan ne mutane ke gaggawa, su goge tabon kaɗai, bayan wata ɗaya sabon fenti ya saɓule daga gefe.

Bayan ya bushe, a fesa firama ta roba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, shafi ɗaya siriri. Firamar ƙarfe ba ta kama roba da kyau, a duba jikin gwangwanin. A jira kamar minti 15, sai fentin azurfa shafi biyu ko uku, kowanne siriri, tazarar santimita 20 zuwa 25, da hutun minti 10 a tsakani. A girgiza gwangwani minti biyu cur kafin a fara. A rufe da banish, wato fenti marar launi mai kare na ƙasa, shafi biyu, don shi ne zai sha gogar yatsu. A toshe wurin da hannun ke juyawa da salatif na takarda, kada fenti ya sa shi tauri.

Lokacin fesawa ma yana da muhimmanci a garin nan. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai fuskar ta fito gurje-gurje kamar an barbaɗa rairayi. Da hunturu kuma ƙura ce ke faɗawa ciki. A yi da sassafe, a cikin ɗaki ko shago mai shan iska, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. A bar shi awa 24 kafin a ɗaura, kuma a lallaɓa shi har mako guda.

Mariƙin rufewa kuwa, farin da kake gani robar ce ta ji rauni, kuma zafi yana mayar da launin. A wanke, a shanyar, a aske zarurrukan da suka miƙe da reza. Sai a samu na'urar hura iska mai zafi, irin ta masu gyaran wayar salula, a cire siririn bakinta, a rage zafin, a riƙa kai da komo daga nesan santimita 10 zuwa 15. Da farin ya fara duhu, a janye. PP tana narkewa a wajen digiri 160, kuma idan wurin ya yi sheƙi, ƙananan zanen fuskar sun narke ke nan, ba su dawowa. A fara gwadawa a ɓoyayyen wuri. Idan mariƙin mai taushi ne, an lulluɓe shi da leda, kada a kai masa zafi ko kaɗan. Kwarzane mai zurfi zai yi duhu ya ɓuya, amma ramin yana nan.

TAMBAYA: Hannun ƙofar baya na motarmu mai ƙyalli ne kamar madubi. Ya fara ɓarewa, har ya yanki ɗana a yatsa. Fenti zai yi?
Daga wata mai karatu a Sabon Gari.

AMSA: Sannu Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Wannan ba fenti ba ne, ƙarfe ne na gaske: tagulla, nikel, sannan kurom a sama, aka lulluɓe roba da su. Roba ta fi ƙarfe buɗewa idan ta ji zafi, don haka motar da ke wuni a rana a rufe, a kwana a tashi sai lulluɓin ya tsage ya tashi da kaifi kamar reza. Fenti ba ya zama a kansa, gam ma ba ya riƙe shi. Yau ɗin nan a naɗe hannun da salatif baƙi na masu lantarki, a sa makullin yara da ke gefen ƙofar, wanda ke hana ta buɗuwa daga ciki, don yaron ya daina ja. Sannan a canza shi. A tafi wurin masu kayan gyara da tsohon a hannu, domin na dama da na hagu ba ɗaya ba ne. Idan wanda aka taɓa amfani da shi za a saya, a bi gefensa da farce a cikin haske: wanda ya yi ƴan ƙuraje ko siririn tsagi ya riga ya fara tashi, a ajiye shi a ɗauki wani.