In sayi Kindle ko wayata ta isa?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Ina son karatun littattafai sosai kuma a waya nake yi, to yanzu idona ya fara min yaji da daddare ga caji baya daɗewa. Yayana ya ce in tara kuɗi in sayi Kindle, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, ƙawata kuma ta ce wai yayinta ya wuce, tablet ta kashe mata kasuwa. Ya zan yi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Wannan maganar ta ƙawarki tun 2010 ake yinta da Apple ya fito da tablet ɗinsa iPad, shekara uku bayan fitowar Kindle a 2007, kuma tana da ƙamshin gaskiya dan Sony da ya riga Amazon shiga harkar ma ya tattara ya barta a 2014. Amma kasuwar bata mutu ba, raguwa tayi ta koma hannun masu karatu da gaske, shi yasa har yau Amazon da Kobo (wani kamfanin mai yin irin na'urar) basu daina ba, a 2024 ma dukkansu sun fito da masu kala.

Sirrin yana wajen sikirin ɗin. Na waya haske yake watso miki a ido, na Kindle kuwa kamar takarda yake, ko tsakar rana kika zauna a tsakar gida rubutun raɗau zaki ganshi, kuma sai kin juya shafi yake jan wuta sosai, caji ɗaya sai yayi makonni. Mu da wuta sai ta ga dama ai wannan ba ƙaramin abu bane. Ga shi ba saƙon WhatsApp da zai faɗo miki ana tsaka da labari. Idon dai ki je asibiti a duba, kar ki bari.

Sai dai ki duba me kike karantawa. In littattafan Hausa ne da ake turowa a guruf ko Wattpad, ko handawut na PDF, gaskiya Kindle mai inci 6 wahalar dake zata yi, rubutun ƙanana yake fitowa ga nawa wajen zuƙowa, nan tablet ta fi. In kuwa dogayen littattafai ne na EPUB (tsarin fayil na littattafan da ake karantawa a na'ura) kina awa biyu uku a kai, ni dai na ce ki saya.

In ta hannu ce, ki sa mai ita ya cire akawun ɗinsa na Amazon a gabanki, ki gwada batirin kafin ki miƙa kuɗi.