Tambaya da Amsa: Shin Avoka Zai Yi a Gulbin Maraɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin garka ne a yankin Jiratawa, ina da fili kusan rabin hekta da rijiya da injin ban ruwa, ina noman zogale da albasa. Ɗana ya nuna mini a waya yadda manoman Kenya ke samun kuɗi da wani irin avoka mai suna Hass, har yana ba ni shawarar in cire zogalen in dasa shi. Shin wannan iri zai yi a ƙasarmu? In ba zai yi ba, wane iri ne ya fi ba da 'ya'ya a ƙasar zafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ka bar zogalenka a tsaye. Abin da yaron ya gani gaskiya ne, domin Kenya ce kan gaba a noman avoka a Afirka, kuma Hass ne irin da kasuwannin Turai suka fi nema. Abin da wayar ba ta nuna masa ba shi ne inda gonakin suke. Yankin Murang'a da makwabtansa ƙasar tuddai ce da ta haura mita 1,000 daga matakin teku, mai sanyin dare da damina biyu a shekara. Maraɗi kuwa ba ta kai mita 400 ba, ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 da 'yan kai ba, cikin wata uku zuwa huɗu, sannan a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40.

Avoka, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira fiya, dangi uku ne. Akwai na Meziko da na Gwatamala, waɗanda asalinsu ƙasar duwatsu ce mai sanyi, akwai kuma na uku da ake danganta shi da tsibiran Karebiyan, wanda shi ne ɗan ƙasar zafi ta kwari. Hass jinin biyun farko ne. Wani mai rabon wasiƙu a Kalifoniya, Rudolph Hass, shi ya shuka uwar itacen a 1926, ya yi masa rajista a 1935, kuma duk Hass na duniya daga reshen wannan itace guda aka auro shi. Idan aka kawo shi inda iskar bazara ke busowa kamar daga bakin tanda, yana iya rayuwa har ya yi ganye, amma huda da ƙananan 'ya'yan da suka fara ƙullawa sai su zube ƙasa. Shi ya sa a wannan yanki namu ake ganin avoka mai kyau a tuddan Jos da na Mambila, ba a Katsina ko Damagaram ba.

Irin da ya fi dacewa ka nema su ne na dangin ƙasar zafi da barbaransu, waɗanda aka daɗe ana nomawa a kudancin Fulorida: Pollock, Waldin, Simmonds, Lula, Choquette, Booth 7 da Booth 8. 'Ya'yansu manya ne, bawonsu kore mai santsi, man da ke cikinsu bai kai na Hass yawa ba, amma ai irin wannan koren ne mutanenmu suka saba saye a kasuwa. A ganina, ko su ɗin ma Maraɗi bakin iyakarsu ce, don haka gwaji nake ba ka shawara, gindi biyar ko shida a gefen garka inda ya fi samun kariya, ba gona guda ba.

Akwai wani al'amari game da furen avoka da ke shafar yawan 'ya'ya fiye da sunan iri. Kowane fure sau biyu yake buɗewa, karo na farko a matsayin mace, karo na biyu a matsayin namiji. A irin da ake kira rukunin A, mace ce da safe, sai washegari da rana ya koma namiji. A rukunin B kuwa mace ce da rana, namiji washegari da safe. Idan ka haɗa rukunan biyu a wuri ɗaya, ƙudan zuma suna samun garin fure daidai lokacin da ɗayan yake buƙata. Lula da Choquette da Waldin 'yan rukunin A ne, Pollock da Booth 7 da Booth 8 'yan B ne, don haka ka gauraya su.

Amma abin da ya fi kashe avoka a hannun masu garka shi ne ruwa, ta fuska biyu. Saiwoyinsa masu shan ruwa a sama suke, galibinsu ba su wuce zurfin santimita 60 ba, don haka ba ya jure ƙishirwa kamar mangwaro da ke zura saiwa can ƙasa. Kuma ba ya jure kwanciyar ruwa ko na kwana biyu, domin saiwar takan shaƙe, wata cuta ta ƙasa mai suna Phytophthora ta shige ta ta ruɓar da ita. Ƙasar fadamar Gulbi mai laka, wadda albasa ke so, nan ce haɗarin yake. Ka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da rabi a inda kake son dasawa, ka cika shi da ruwa da yamma, ka dawo da hantsi. In ka tarar da ruwa a kwance, ka nemi wani wuri. In ya tsotse, to ka tara tudun ƙasa da ruɓaɓɓen takin gargajiya ka dasa a kansa, ba cikin kwari ba yadda muka saba yi wa mangwaro. Ka ba da tazarar mita 8 zuwa 10 tsakanin gindi da gindi, ka lulluɓe ƙasa da karan gero ko ɓawon gyaɗa, amma kada su taɓa jikin itacen. Ban ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai ya fi masa malala sau ɗaya a mako.

Ka kuma lura da ruwan rijiyar kanta. Avoka yana cikin itatuwan da suka fi ƙin gishiri, kuma alamar ba ta ɓuya: bakin tsofaffin ganye yana ƙonewa ya koma ruwan ƙasa, kamar an kusanta shi da garwashi, sannan ganyen ya kaɗe. In rijiyarka tana barin farin gari a bakin kwalbatin ban ruwa, ka kai ruwan a auna kafin ka kashe kuɗin dashe. Ma'aikatan cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna za su iya nuna maka hanya. A shekara biyun farko ka yi wa kowane dashe rumfar zana ta gefen yamma, ka shafa wa jikinsa farar ƙasa, domin rana tana ƙona ɓawonsa har ya tsage. Layin dogon yaro ko mangwaro a gefen gabas da arewa, nesa kaɗan, zai tare masa iskar hunturu. A nan ma zogalen da ka bari zai yi maka amfani.

Tambaya: Ni uwargida ce a cikin garin Maraɗi. Shekara shida ke nan da na shuka ƙwallon avoka a tsakar gida, ya girma har ya wuce katanga, amma ko huda bai taɓa yi ba. Mene ne matsalar?

Amsa: Hajiya, itacenki lafiya lau yake, hali ne na wanda ya tsiro daga ƙwallo. Irin wannan yana iya kai shekara goma ko fiye kafin ya haihu, kuma ba lalle 'ya'yansa su yi kama da wanda kika ci ba. Wanda aka yi wa aure kuwa, shekara uku zuwa huɗu yake ɗauka. Ki nemi mai auren mangwaro ya rage masa rassa, in sababbi sun tofo ya aura musu reshen itacen da aka san yana haihuwa. Ranar da Allah ya kawo 'ya'yan, kada ki jira su yi laushi a sama, domin avoka ba ya nuna a jikin itace. Idan sun ƙosa sai ki tsinki guda ɗaya da ɗan guntun karansa ki ajiye a ɗaki. In ya yi laushi cikin mako guda ba tare da ya yamutse ba, sauran ma sun isa tsinka.